Ba a fafe gora ranar tafiya

Da kakar bara na kai wata tunkiyata wurin mahauci, ba don ina so ba. Wata uku tana ramewa. Ga dusa ga harawa a gabanta, sai ta ɗan taɓa ta kau da kai. Mun yi mata allurar tsutsa, mun ba ta kanwa, har wata saiwa da maƙwabcina ya rantse da ita mun jiƙa mata, shiru kake ji. Ciki kullum a kumbure, ƙashin baya kuwa a tsaye kamar bakin wuƙa. Da na ga za ta tafi mushe sai na ce a yanka. Ana cikin fiɗa mahaucin ya ɗago kai ya ce, "Malam, matso ka ga abin da ya cinye maka kuɗi." Ya tsaga tumbin ya zaro wani dunƙule mai tauri, ya kusa kai ƙwallon da yara ke bugawa. Leda ce zalla a murɗe, baƙa da fara, har rubutun da ke jikin wata ledar fiya wata bai gama gogewa ba. Shi ko a jikinsa. Ya ce abin da ya saba gani ne, musamman a dabbobin da ake saki suna yawo a bakin kasuwa da kan juji.

Bayan haka da 'yan makonni ɗan yayata da ke karatu a Dutse ya zo hutu, riƙe da wata gorar ƙarfe mai ƙyalli. Ya zauna yana yi mini bayani da zafinsa. "Kawu, yanzu duniya ta juya wa robar sha-ka-yar baya. Kowa gora ɗaya yake saye, ta ƙare ya sake cikawa, saboda muhalli." Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta karɓi gorar ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta miƙa masa abarsa. "Wannan ai gyanɗama ce, ɗan nan, sai dai ta ƙarfe. Kakanka da irinta ya yi fatauci."

Na yi dariya, amma tun ranar maganar ba ta bar ni ba. Yaron yana da gaskiya, Inna ma tana da gaskiya, kuma na lura cewa shawarar da ya kwaso daga waya, yadda aka ɗinka ta, ba a gwada ta a jikinmu ba.

Dubi ita robar ruwan da ake ta magana a kanta, wadda mu nan muke ce wa suwan ko wane kamfani ne ya yi ta. A ƙauye wa yake yar da ita? Alhaji ne zai sha a wurin ɗaurin aure, kafin ya ajiye yara uku sun zuba mata ido. Daga hannun yaro ta tafi wurin mai zoɓo ko mai kunun aya. In ta fita daga nan a zuba mata man gyaɗa, ko manja, ko zuma, ko tsimin mai maganin gargajiya. In ta tsufa ta koma wurin ɗan bumburutu a bakin titi ya riƙa auna fetur. In ta huje a yanke ta a yi wa kaji mazubin ruwa, murfinta kuma ya zama tayar motar wasan yara. Robar da Bature ya sha sau ɗaya ya jefar, a garinmu sai ta yi aure bakwai kafin ta mutu. Ko bayan ta mutu 'yan gwangwan na nan suna saye a kilo, su yi lodi zuwa Kano inda ake niƙa ta. Saboda haka wanda ya zo ƙasar Ringim yana wa'azin a daina yar da robar ruwa, ya zo da maganin ciwon da bai fi damunmu ba.

Wannan maimaicin namu ma yana da nasa aibin, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Mai kunu ba ta san bakin wa robar ta fito ba, an tsinto ta ne a tasha ko a bayan asibiti, kuma ɗauraya ɗaya ake yi mata a ruwan da aka wanke hamsin. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne robar maganin feshi. Da idona na ga manomi ya wanke robar maganin ciyawa ya cika ta da ruwan sha ya rataya a keke. Na yi masa magana, ya ce ai ya wanke da omo har sau biyu. Guba ba ta jin omo. Wannan robar a huda ta a binne nesa da rijiya, ba ta da aure na biyu.

Mai laifin gaske a wurinmu ita ce leda. Na girma ban san ta ba. Muna yara, in za a tafi gona, tulu ake ɗauka a kai ko gora a rataye a kafaɗa, makiyaya kuma da salka. A ƙofar kusan kowane gida mai hali akwai randa a gindin bishiya da moɗa a kanta, sadaka ga mai wucewa, ba ka ma buƙatar sallama. Daga baya aka fara ƙulla ruwan sanyi a farar leda ana talla a tasha, sannan fiya wata ya shigo da hatiminsa da lambarsa. Na sha shi a naira 5, na sha a naira 10, yanzu kuwa kowa ya san inda ya kai. Cikin shekarun da ba su kai rabin rayuwar mutum ba ya kori randar ƙofar gida, ya mai da ba wa baƙo ruwa abin da sai an aiki yaro kanti.

Lissafin ba wuya. Leda ɗaya rabin lita ce, jaka ɗaya leda 20, wato lita 10 ke nan, bai kai rabin babbar jarkar 'yan garuwa ba, alhali kuɗin jakar zai sayo maka jarka fiye da ɗaya. Gidan bikin da ya sauke jaka 30 ya zubar da leda 600 a yini guda. Ka je Gujungu ranar Lahadi da yamma bayan kasuwa ta watse, ko Maigatari ranar Alhamis, ka dubi ƙasa. Sai ka rantse ƙanƙara aka yi. Iska ta kwashe ta ta rataya a ƙaya da dangar gonaki, saura ta gangara kwata. Daga man fetur ake yin ta, ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana ce kawai ke gasa ta, ta farfashe ta zama ƙanana, ta cakuɗe da ƙasa.

Manomi ya fi kowa sanin wannan, ko da bai iya faɗarsa da Turanci ba. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano suke ɗebo takin juji daga cikin birni a kan jakuna suna zubawa a gona, abin da ya sa ƙasar take ciyar da jama'a mai yawa shekara da shekaru ba ta gaji ba. Yau ka sayi mangalar taki, kafin ka watsa sai ka zauna kana tsince leda kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wadda ta kuɓuce maka garma ta binne ta, badi ka tono ta yadda take. Inda ta kwanta ruwa ba ya ratsawa daidai, saiwa ta zo ta tarar da bango. Ga kwalbati. Ba zan ce leda ce ta kawo ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa ba, wannan aikin ruwan sama ne da kogin Haɗejiya, ga kuma kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamu. Amma ruwan da ke kwanciya a cikin unguwa kwana uku bayan an ɗauke, yana jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna, je ka leƙa bakin kwalbatin ka ga abin da ya cushe shi. Kuma matanmu sun mai da leda abin hura wuta, saboda kananzir ya fi ƙarfin kowa. Wannan baƙin hayaƙin mai ɗaci shi suke shaƙa da goyo a baya, safe da yamma.

To, in abin haka yake, me ya sa muke sha? Masu gorar ƙarfe ba su cika tsayawa a nan ba, ni kuwa a nan nake ganin maganar take. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Tsoro ne ya kai su ga leda, sai sanyi, sai kuma kunya.

A 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa Najeriya. Alƙaluman hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wanda ya ga yadda wannan ciwo ke zuƙe ƙato cikin yini ɗaya, ba za ka ce masa ya bar ruwan da ke rufe ya koma rijiyar da ba ta da murfi ba, rijiyar da kowa ke jefa gugansa bayan ya ajiye shi a taɓo. Ita ma randar da nake yabo ba waliyiya ba ce. Bakinta a buɗe, moɗa ɗaya, yaro ya taso daga wasan ƙasa ya zura hannu har gwiwar hannu, mai tari ya sha ya mai da saura. Sau da yawa ruwa yana fitowa daga burtsatse da tsabtarsa, a cikin gida yake lalacewa. Duk wanda zai ce a koma randa bai faɗi wannan ba, waƙar da kawai yake yi.

Sai dai amanar da muka ba leda ta wuce abin da ta cancanta. Akwai kamfanonin kirki masu rajistar NAFDAC, akwai kuma masu ɗurawa a bayan gida su buga lambar da suka ga dama, kuma ɗan ƙauye ba shi da hanyar bambancewa. Ko ruwan cikin mai kyau ne, ta ina muke sha? Da haƙori muke huda kusurwar da ta kwana a ƙasan kanti, ta sha rana a bayan mota, ta yi iyo a bokitin ƙanƙara, ta bi ta hannun yaron da ke karɓar kuɗi yana ba da canji. Muna gudun moɗa, muna tsotsar abin da ya fi moɗa yawo.

Ana ta kiran a yi doka. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017. A nan gida Legas ta hana farin mazubin abincin nan na tekawe a watan Janairun 2024, ta faɗaɗa hanin zuwa wasu robobin sha-ka-yar a Yulin 2025. A Yunin 2024 gwamnatin tarayya ma ta amince a daina amfani da irinsu a ma'aikatunta. Abin lura shi ne, Legas da duk ƙarfinta ba ta sa fiya wata da robar ruwa a cikin hanin ba. Sun san abin da zai biyo baya. Ni ma da za a tambaye ni, ba zan goyi bayan a wayi gari a hana ruwan leda a Kano ko Jigawa ba. Mai kuɗi zai koma ruwan roba, talaka ya koma kududdufi, dubban yaran da ke ci daga ɗurawa da dako da talla su zauna, jami'in da aka ba aikin kamawa kuma ya samu sabuwar hanyar na goro. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya taɓa gyara gora ya san dalili: sai duma ya bushe, a yanke baki, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa har cikin ya fita, a jiƙa kwanaki ana zubarwa kafin ɗacin ya tafi. Ka yi gaggawa ka sha ɗaci a hanya.

Fafe gorarmu shi ne ruwan da za a zuba a ciki. Gorar ɗan yayata ba ta haifar da ruwa, sai an cika ta a wani wuri. A unguwarmu akwai tuƙa-tuƙa uku, ɗaya ke aiki. Sauran biyun ba wani babban abu ne ya kashe su ba, roba ce ta cinye a ɗaya, sandar ƙarfe ta tsinke a ɗayar, gyaran da bai kai kuɗin ragon suna ba. Shekara biyu suna tsaye awaki na sosa jiki da su. Ɗan siyasa ya fi son ya haƙa sabuwa, domin sabuwa ake kafa wa allo da hoto, gyara ba shi da allo. Mu kuma muna zaune muna jiran wanda ya haƙa ya dawo ya gyara, kamar ba mu ke sha ba. Kuɗin da unguwar nan ke kashewa a fiya wata cikin watan azumi kaɗai, da an tara shi wuri ɗaya a hannun mutum biyu masu amana, da famfunan nan ba su kwana a mace ba. Na faɗi haka a gaban mai unguwa, kowa ya ce gaskiya ne Malam, aka shafa fatiha aka tashi.

Ban yarda cewa ba ma iya canzawa ba, domin na ga mun canza. Waɗanda suka kai shekaruna sun san kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci da tsakiyar damina, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, gona na cika da ciyawa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya sama da mutum 600,000 masu shi a Najeriya. Ba allura ce ta kawar da shi ba, don ba shi da allura. Ƙyallen tace ruwa ne, da haƙa rijiyoyi, da mutanen da suka yi ta bin ƙauyuka suna magana, cikinsu har da Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi. A 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta daina bahaya a fili. Ko mutum yana da ja a kan wani lungu da ya sani, ya san an yi tafiya mai nisa, kuma da dagatai da limamai da matan gida aka yi ta.

Maganar sanyi kuwa, mu ne ya kamata mu koya wa wasu. Tukunyar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar, zafin ya tafi da shi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi ba da lantarki ba. Wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya ɗauka ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Ya samu kyautar Rolex a kan haka a shekarar 2000, aka yi ta labarinsa a ƙasashen waje, ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa. Mu da abin ya fito daga cikinmu mun bar maginan tukwane suna zaman kashe wando, muna sayen ƙanƙarar da ba mu san ruwan da aka daskarar ba. Abin da randa ke buƙata kaɗan ne: murfi, da ɗan famfo a gindinta ko ludayi mai dogon hannu da ba a sha da shi, da wanki a kai a kai. Tulu mai ƙaramin baki ma ya fi, tunda hannu ba ya shiga. In ana shakkar ruwan a tafasa, ko a sa maganin kulorin daidai awo. Kai, ita kanta robar suwan tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba: in ta kasance fara tas mai tsabta, ka cika ta da ruwan da ba shi da laka, ka kwantar da ita a kan kwanon rufi ta sha rana mai ƙarfi awa shida, hasken yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar ciki. Rana kuwa ba mu da talaucinta.

Saura kunya, kuma ita ce ta kayar da ni. Da aka yi mana haihuwa bayan sallar layya, na ce a sunan nan ba za a sauke fiya wata ba. Na sayo sababbin randuna biyu, na aro manyan kuloli, aka tafasa ruwa tun daren jajibiri, na sayo kofuna na sa yara biyu aikin wankewa. A zaure abin ya tafi daidai. Dattawa ma har suna cewa rabonsu da ruwa mai ƙamshin sabuwar randa an daɗe. Cikin gida ne aka tayar mini. Uwargida ta same ni a soro ta ce, "Malam, ka rufa mini asiri. Dangina za su zo daga Kano, a ce gidanmu aka ba su ruwan randa? Gobe a ce ka tsiyace, ko a ce rowa." Na yi bayanin tunkiya, na yi bayanin taki, ta saurara har na gama, ta ce duk ta ji, amma ita za a yi wa gori ba ni ba. Na aika aka sayo jaka biyar. Ban ga laifinta ba. Mun riga mun mai da leda ma'aunin karamci, har wanda ya miƙa maka kofi sai ya haɗa da ba da haƙuri. Wannan ba abin da mutum ɗaya zai karya ba ne, sai manyan gari sun fara. Ranar da hakimi ko babban attajiri ya yi taro aka zagaya da kofi da buta mai tsabta, washegari abin zai zama yayi, yadda ledar ma daga gidajensu ta gangaro mana. Liman kuma da ke tuna mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, ya leƙa harabar masallacin bayan an sha ruwa da azumi.

Da safe na sa yara suka tsince ledojin jaka biyar ɗin kafin a saki awaki. Ɗari ya kamata su zama, 83 muka samu. Na cusa su a buhu na rataye a rumbu, ina jiran mai sayen roba ya biyo, ko da yake ya fi son masu nauyi.

Gorar ƙarfe irin ta ɗan yayata na tambayi kuɗinta a Dutse, na ajiye musu abarsu. Gona dai da ƙaramar jarka nake zuwa, wadda aka ɗinke da tsohon buhun algarara, in jiƙa shi in rataye a reshen ɗorawa, ruwan ya kai azahar da sanyinsa. Inna kuma ta nemo irin duma ta shuka a jikin danga da damina, ya yi 'ya'ya huɗu masu dogon wuya. Ta hana kowa taɓawa, ta ce sai hunturu ya gama busar da su. Ta riga ta raba: ɗaya tawa, ɗaya ta jikan nata mai gorar ƙarfe, biyun kuma ta ce akwai masu su, ba ta faɗi ko su wa ba.